Tarar rashin inshorar lafiya a Amurka: ashe ba a ko'ina aka soke ta ba?

Baban Khalil, Newark:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawararku, don maganar nan ta hana ni barci kwana biyu. Ranar Asabar muka je wajen mai cike mana takardun haraji, ni da uwargida. Ya gama na gwamnatin tarayya lafiya lau, har ya faɗa mini abin da za a dawo mini da shi, na yi hamdala. Da ya zo kan takardar jiha sai ya ce, ina shaidar inshorarku ta bara? Na ce masa na bar aikin sito a watan Maris na koma tuƙin Uber, inshorar kuma ta tafi tare da aikin. Yaran biyu suna kan NJ FamilyCare, inshorar da gwamnatin jiharmu ta New Jersey take yi wa masu ƙaramin ƙarfi, ni da mamansu ne ba mu da komai. Sai ya juyo mini da fuskar kwamfutar, ya ɗora bakin biro a kan wani layi: dala 1,042 da santi 50, tara. Na ce tarar me? Ya ce ta zama babu inshorar lafiya. Na ce ba Trump ya soke wannan tun tuni ba? Ya ce nan New Jersey ne. Ban sa hannu ba, na ce ya ba ni mako guda. Don Allah wanda ya san kan abin nan ya fahimtar da ni. Kuɗin nan na riga na yi niyyar tura wa mahaifiyata na gyaran rufin ɗaki kafin damina.

Alhaji Mai Shago, Bronx:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kar ka yarda. An soke wannan tara. Shekara nawa ina cike haraji a nan ba wanda ya tambaye ni inshora. Ka canja mai cike maka takarda.

Malam Akanta, Silver Spring:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce a Bronx ta jihar New York, amma da an tsallake kogin Hudson zuwa New Jersey ta canja. Bari in warware daga tushe don a daina ruɗewa, saboda duk shekara sai na sha wannan tambayar.

Dokar da ake kira Obamacare, Shugaba Obama ya sa mata hannu a watan Maris na 2010. A cikinta aka ce duk wanda ba shi da inshorar lafiya zai biya tara lokacin cike haraji. An fara karɓa a kan shekarar 2014: dala 95 ga babban mutum, ko kashi 1 cikin 100 na abin da gidansa ya samu sama da mafi ƙarancin samun da ake cike wa haraji, duk wanda ya fi yawa. A 2015 ta koma dala 325 ko kashi 2. A 2016 ta kai dala 695 ko kashi 2.5, yaro kuma rabin na babba. A watan Disamba na 2017 majalisa ta yi sabuwar dokar haraji, Trump ya sa hannu, aka mayar da tarar sifiri daga 2019. Ku lura, ba a goge wajibcin daga littafin doka ba, kuɗin ne kawai aka mayar babu.

To da wasu jihohi suka ga haka sai suka kafa tasu. New Jersey da birnin Washington sun fara a 2019. Kalifoniya da Rhode Island a 2020. Massachusetts kuwa ta riga kowa, tun dokar 2006 zamanin gwamna Mitt Romney, kuma ba ta taɓa dainawa ba. Vermont ta wajabta amma ba ta cin tara. New York ba ta da ita, Texas ba ta da ita, mu ma nan Maryland babu.

Baban Khalil, lissafin mutumin daidai yake. Kai da madam dala 695 sau biyu, 1,390 ke nan a shekara. Daga Afrilu zuwa Disamba wata tara. Ka raba gida 12 ka ɗauki 9, zai ba ka 1,042.50. Bai zalunce ka ba. Amma ka yi daidai da ba ka sa hannu ba, don akwai hanyoyin da ake ɗauke wa mutum, kuma ya kamata ya tambaye ka kafin ya nuna maka jimla.

Alhaji Mai Shago, Bronx:
To madalla, na karɓi gyara. Ashe da na sa yaro a rami. Allah ya saka, Malam.

Ɗan Katsina, Houston:
Ni dai duk yadda za a yi mini bayani, wannan abu zalunci ne. Mutum bai sayi inshora ba don ba shi da kuɗin saya, sai ka ce maganin rashin kuɗinsa shi ne ka ƙara cire masa kuɗi? Wa ya taɓa jin an ci mai jin yunwa tara don bai sayi abinci ba? Kuma ku duba su wa suke biya. Lokacin da tarar tarayya take aiki, alƙaluman hukumar haraji sun nuna mafi yawan gidajen da suka biya samunsu bai kai dala 50,000 a shekara ba. Masu tuƙi, masu wanke-wanke a gidan abinci, masu kitso, irinmu dai. Mai kuɗi yana da inshora ta wajen aikinsa, bai ma san ana yi ba. Ga bawan Allah nan zai gyara wa tsohuwa rufi, an ɗauke kuɗin, kuma ko ƙwayar Panadol ba a ba shi a madadinsu ba.

Maman Hanifa, Worcester:
Ƙanena Ɗan Katsina, na ji zafin maganarka kuma ban raina ta ba. Amma ni shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya, bari in faɗa maka abin da idona yake gani.

Akwai doka tun 1986 da ta hana sashen gaggawa na asibiti korar mara lafiya don ba shi da kuɗi. Dole a duba shi, a ceto ransa. Wannan alheri ne. Amma ba kyauta ba ne, takardar biya tana biyo shi gida, in ya kasa biya kuma asibiti ta watsa kuɗin a kan sauran jama'a. Wato wanda ya ce shi ba ya cikin tsarin, yana ciki, ranar da ya faɗi ne kawai za a sani.

Akwai wani dattijo ɗan Afirka ta Yamma da aka kawo mana wani dare cikin sanyi, direban tasi. Ciwon suga gare shi. Da muka cire masa safa, ƙafar ta riga ta yi baƙi daga yatsu. A aljihun rigarsa akwai wata 'yar leda da ƙwayoyin magani da aka aiko masa daga gida, duk ya rarraba su biyu-biyu da reza don su kai shi wata biyu maimakon ɗaya. Shekara uku bai ga likita ba. Da muka zauna da mai taimaka wa marasa lafiya cike takardu, sai ga shi ashe tun farko ya cancanci inshora kusan kyauta. Ba wanda ya taɓa faɗa masa. Ya rasa yatsu uku, ya yi wata huɗu bai hau mota ba. Har yau in na tuna da ledar nan sai zuciyata ta karye.

Ba na cewa tara tana da daɗi. Amma na ga mutane da yawa da tsoron tarar ne ya kai su ofishin rajista, suka je suna gunaguni, suka fito da kati a hannu.

Ɗan Katsina, Houston:
Anti, Allah ya ba shi lafiya. Amma labarinki ai ni ya goyi baya. Dattijon nan ba tara yake buƙata ba, wanda zai faɗa masa yake buƙata.

Maman Hanifa, Worcester:
Duka biyun, ƙanena. Mutanenmu ba sa zuwa neman bayani sai abu ya taɓa aljihu. Kai ma ka sani.

Malam Akanta, Silver Spring:
Akwai dalilin da ya sa aka haɗa wajibci da dokar tun farko, kuma yana da kyau a san shi ko da mutum bai yarda da shi ba. Kafin 2014 kamfanin inshora yana iya ƙin karɓarka in kana da hawan jini ko suga ko sikila, ko ya tsawwala maka kuɗi. Dokar ta hana wannan. To in an ce dole kamfani ya karɓi kowa, me zai hana mutum ya zauna sai ya kwanta ciwo sannan ya saya? In kowa ya yi haka, marasa lafiya ne kaɗai za su rage a asusun, kuɗin wata-wata ya yi tashin gwauron zabi. Kamar adashi ne da kowa yake son ɗauka amma ba mai son zubi. Tarar ita ce igiyar da aka ɗaure masu lafiya da ita su zauna a ciki. A New Jersey ma kuɗin tarar ana zuba su ne a wani asusu da yake taimaka wa kamfanoni biyan manyan jinya, don a rage tsadar inshorar sauran mutane.

Maganar ta je har Kotun Ƙoli. A watan Yuni na 2012 alƙalai biyar cikin tara suka ce dokar ta zauna, Babban Joji John Roberts ya ce gwamnati ba ta da ikon tilasta wa mutum sayen kaya, amma tana da ikon ɗora haraji, kuma wannan tara haraji ce. Bayan an mayar da ita sifiri Texas da wasu jihohi suka koma kotu suna cewa tunda babu harajin sai a rushe dokar gaba ɗaya. A 2021 kotun ta yi watsi da ƙarar.

Amma in zan yi adalci, Ɗan Katsina yana da hujja mai ƙarfi da bai kawo ba. A 2017 ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya yi hasashen cire tarar zai sa mutum miliyan 13 su rasa inshora cikin shekara goma. Abin bai kai haka ba. Da gwamnati ta ƙara tallafin biyan kuɗin inshora a 2021, masu rajista a kasuwar inshorar gwamnati suka yi ta ƙaruwa har suka haura miliyan 20 a 2024, ba tare da tarar tarayya ba. Ni abin da na fahimta daga nan, sauƙin farashi ya fi bulala jawo mutane.

Ɗan Katsina, Houston:
Yauwa! Abin da nake faɗa ke nan.

Hajiya Sacramento:
Sannunku da muhawara. Ni dai gargaɗi zan yi wa na Kalifoniya, tamu ta fi ta New Jersey zafi. A kan shekarar 2023 dala 900 ce ga babba, 450 ga yaro, ko kashi 2.5 in ya fi. Miji da mata da yara biyu dala 2,700 ke nan. Kuma kar wanda ya ce ai na tafi gida na yi wata huɗu, don haka ba ruwana. Maƙwabciyata ta tafi Damagaram aurar da 'yarta, ta dakatar da inshorarta don kar ta biya a banza, ta dawo ta tarar da tara tana jiranta. Zuwa ganin gida ba ya mayar da kai mazaunin ƙasar waje. Giɓin da ake yafewa shi ne wanda bai wuce wata uku a jere ba.

Baban Khalil, Newark:
Na gode ƙwarai, yanzu na fara ganin haske. Amma akwai abin da ban faɗa ba tun farko, kuma shi ne gaskiyar abin da ya sa ban nema ba da na bar aiki. Ba tsada kaɗai ba ce. Tun ina Kano na taso da jin cewa inshora haramun ce, caca ce. Lokacin da nake sito ana cirewa ne daga albashi ba da zaɓina ba, sai na ce ba laifina. Amma in ɗauki ƙafata in je in saya da kaina, zuciyata ta ƙi. Ko akwai yafiya ta addini da zan iya nema?

Malam Akanta, Silver Spring:
Akwai yafiyar addini a dokar, amma an yi ta ne don ƙungiyoyi irin su Amish, waɗanda aƙidarsu ta hana su karɓar kowace irin inshora har da fanshon gwamnati, kuma suna ɗaukar nauyin junansu. Zama Musulmi kaɗai ba ya shigar da kai. Ɓangaren hukunci kuwa na bar wa malamai.

Ustaz, Philadelphia:
Bismillah. Ɗan'uwa, damuwarka alama ce ta imani, Allah ya ƙara mana tsoronsa. Abin da ka ji a Kano yana da asali. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci akwai garari mai yawa a cikinta, wato mutum yana biya bai san ko zai samu ba, bai san nawa zai samu ba. A zama ɗaya kuma ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful, inda jama'a suke tara kuɗi da niyyar agaza wa wanda abu ya sama.

To mu a nan ina takaful ɗin lafiya da za ka shiga? Ga doka ta wajabta maka, ga jinya da kwana uku a asibiti kan iya cinye abin da ka tara a shekara biyar. Malamai da yawa da suka san halin zaman ƙasashen nan sun yi fatawar halacci saboda buƙata da lalura, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa lalura tana halatta abin da aka hana gwargwadonta. Sannan abin da gwamnati take bayarwa daga haraji, irin wanda yaranka suke kai, wannan ba ciniki ba ne ma balle a yi maganar garari.

Ka kuma duba ɗaya gefen. Matarka amana ce a hannunka, kula da lafiyarta yana cikin abin da za a tambaye ka. In ta kwanta ka rasa yadda za ka yi, ka shiga bashi mai ruwa ko ka dawo kana bara a masallaci, wanne ya fi kusa da abin da shari'a take gudu? Ni ina da inshora, iyalina suna da ita, kuma ina kwana da natsuwa a kan haka. Allah ne mafi sani.

Baban Khalil, Newark:
Allah ya saka da alheri, Ustaz. Wallahi ka sauke mini dutse. Da na yi wannan tambayar tun bara.

Yaya Babba, Kano:
Ina biye da ku daga nan gida. Ku sani mu ma an wajabta mana a takarda. A watan Mayu na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin tsohuwar NHIS, kuma ta ce inshorar lafiya dole ce ga kowane ɗan Najeriya. A Kano muna da hukumar taimakekeniyar lafiya, ana cire wa ma'aikatan jiha daga albashi. Amma ɗan kasuwar Kwari ko mai Adaidaita, ta ina za a kama shi? Ku can kowa yana cike haraji duk shekara, shi ya sa tarar take samun inda za ta kama. Mu tararmu ita ce ranar da za a ce a kawo kuɗin aiki kafin a shiga tiyata, a fara kiran 'yan'uwa a waya. Kuma ku ɗin nan ne ake fara kira.

Maman Hanifa, Worcester:
Yaya, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Muna biya wa na gida jinya, mu kuma muna zaune babu kariya.

Malam Akanta, Silver Spring:
Mu dawo kan Baban Khalil don makonsa yana tafiya. Ƙanena, amsa mini waɗannan. A bara, an taɓa ba ku takardar tashi daga gida, ko ta yanke wuta ko gas? An yi muku rasuwa ta kusa? Kuma ka tuna nawa aka ce maka inshora mafi araha za ta ci a wata? Ina tambaya ne don New Jersey tana ɗauke tara ga wanda ya shiga matsi irin waɗannan, haka kuma in mafi arahar inshorar da za ka iya samu, bayan an cire tallafi, ta haura wajen kashi 8 cikin 100 na samun gidanku.

Baban Khalil, Newark:
Takardar tashi babu, alhamdulillah. Farashi kuwa ban ma tambaya ba. Amma mahaifina ya rasu a watan Agusta, na tafi gida na yi sati biyar, ban yi aiki ba, kuma duk hidimar a kaina ta faɗo.

Alhaji Mai Shago, Bronx:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna makoma.

Hajiya Sacramento:
Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri.

Malam Akanta, Silver Spring:
Allah ya jiƙan Baba. To rasuwar makusanci tana cikin dalilan matsi da ake karɓa. Kar ka sa rai za ta share wata taran duka, amma tana iya sauke maka wasu watanni, kuma kowane wata ɗaya a lissafinku kusan dala 116 ne. Ana nema ne a shafin intanet na jihar, a ba ka lamba, mai cike maka haraji ya sa ta a takardar NJ-HCC. Ka ajiye shaidar rasuwar da tikitin jirginka. Kuma ka faɗi gaskiya tsantsa, kar wani ya ce maka ka rubuta kana da inshora alhali babu, don kamfanoni da wuraren aiki suna aika wa jiha sunayen waɗanda suke da ita.

Abu na biyu ya fi na farko muhimmanci: shekarar da muke ciki ma tana ƙirguwa. Da ka bar aiki kana da kwana 60 na yin rajista ta musamman, wannan ya wuce. Rajistar kowa da kowa a Get Covered New Jersey, wato kasuwar inshorar jiharku, takan buɗe ne 1 ga Nuwamba. Amma ka kira su gobe duk da haka, a duba ko akwai ƙofar da ta rage muku, ko kuma samunku bayan an cire kuɗin mai da gyaran mota ya sauko inda ku ma za ku shiga NJ FamilyCare, don ita ba ta da lokacin rufewa. Akwai masu taimakawa da cikewa kyauta, ba sai ka biya kowa ba.

Ɗan Katsina, Houston:
Ni har yanzu ina nan a kan bakana, cin talaka tara ba daidai ba ne. Amma gaskiya ni ma shekara biyu ke nan ba ni da komai, don nan Texas ba wanda yake tambaya. Anti Maman Hanifa, labarin ledar nan ya tsaya mini a rai, mahaifina da suga ya rasu. Malam Akanta, mu da jiharmu ba ta da shafinta, ina ake dubawa?

Malam Akanta, Silver Spring:
HealthCare.gov. Ka tanadi takardar harajinka ta bara da katin zamanka kafin ka zauna. In ka maƙale ka yi mini magana ta gefe.

Maman Hanifa, Worcester:
Kuma kafin nan, ƙanena, ka nemi ƙaramin asibitin unguwa irin wanda ake biya gwargwadon samu, a auna maka suga. Kar ka jira Nuwamba.

Baban Khalil, Newark:
Na kira mai cike takardar, ya ce in zo ranar Laraba da lambar in na samu. Na kuma yi wa Hajiyarmu waya na ce rufin zai ɗan jinkirta zuwa ƙarshen wata, ta ce ba komai, ruwan bai sauka ba tukuna. Malam, shaidar rasuwar da aka ba mu daga asibiti ce, hoto ne a wayata. Zai wadatar, ko sai an aiko mini da ta ainihi?

Malam Akanta, Silver Spring:
Ka buga hoton a takarda ka riƙe. Ka sa ƙaninka ya aiko da ta ainihin ta hannun mai zuwa, ko da za a nema daga baya.